Ramin Tururuwa a Bakin Masussuka

Yammacin da abin ya fara, yammaci ne irin wanda ba mai tuna shi in ba don abin da ya biyo baya ba. An gama sussukar bana, an ɗinke bakin buhuna, an jera su a ɗakin ajiya har suna neman taɓa rufi. Rana ta gangara bayan gonaki, ta bar wani ja-ja a kan karan da aka sassare. Kaji sun hau makwancinsu. Hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida, ya ƙi tashi sama. Maigidan, wanda kowa ke kira Mai Inji saboda shi ya fara kawo injin sussuka ƙauyen, yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, ya karkata hula, yana ba wani baƙo mai sayen hatsi tarihin garin.

Ba mai shiga gidan nan ya fita bai sha tarihin nan ba, ko wuta ya zo ɗiba.

"Kakana Mai Hula," in ji shi, "shi ya sari dajin nan. Shekarar babbar yunwa ya taso daga nesa da iyalinsa, ba shi da komai a duniya sai irin shuka cike da hularsa. Yunwa na cinsa, yara na kuka, bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Ya iso nan, ya shuka. Duk hatsin da ka gani a ƙauyen nan, daga hular nan ya fito."

A bayansa autarsa, budurwa mai yawan dariya da kowa ke kira Auta, tana tsintar hatsi a faranti, tana motsa baki tare da shi kalma bayan kalma, har da karkata kan. Gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ta rage a gidan daga mutanen da, ta gyara zama a bakin ƙofarta ta ce, "Hular nan dai kullum ƙara girma take yi. Ina yarinya cikin tafin hannu ce, yanzu ta kusa zama kwando."

Baƙo ya yi dariya. Mai Inji ya buɗe baki zai ba da amsa, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano.

Tak.

Sai kuma, tak. Ba sauri, ba jinkiri, kamar wani na zaune a sama yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai Inji ya aika aka zagaya bayan gida, a kamo ɗan banzan da ke jifa. Ba kowa a bayan gida, sai kara da duhun da ke tasowa daga cikinsa. Baƙo ya tuna yana da wani uzuri, ya hau babur ɗinsa ko sallama bai ƙarasa ba.

A nan ne masu satar labarin nan daga bakina suke ɓata shi. Sai ka ji suna cewa duwatsu ne manya kamar turmi, har rufi ya ɓurma. Ƙarya suke yi, kuma ko sunana ba sa ambata, ni da Allah Ya haɗa wa iya magana da kyan fasali. Tsakuwoyi ne ƙanana, kowace girmanta daidai ƙwayar hatsi. Da safe aka hau rufin aka same su jere a layi ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar an ja zare. Jerin nan ne ya sa uwar Auta ta ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa.

Kafin a je gaba, sai an san masussukar ƙauyen. Fili ne mai tauri a bakin gari, ƙafafu da sanduna sun daddaɓe shi tun zamanin Mai Hula. A gefensa akwai ramin tururuwa, tsoho, wanda ba wanda ya san farkonsa. Kuma tun da aka kafa garin, ba a share masussuka. A sussuke, a sheƙe, a kwashe tsibin, amma abin da ya fantsama a ƙasa a bar shi inda ya faɗi. Mai Hula ne ya ce haka, bai kuma faɗi dalili ba. Mutane suka ɗauka halin tsofaffi ne. In magariba ta yi, sai tururuwa su fito a layi, baƙi ƙirin, kowace da ƙwayarta a baki, kafin gari ya waye fili ya yi fes.

Bana da Mai Inji ya kawo injinsa, sai ya shimfiɗa tamfol a ƙarƙashinsa, ya sa aka share har ƙwayar ƙarshe. Da tururuwa suka fito ba su sami komai a ƙasa ba, sai suka hau tamfol. Ya tsaya yana kallonsu suna jan hatsinsa, ransa ya ɓaci.

"Ubanka bai share ba, ubana bai share ba," Gwaggo ta ce masa a ranar. "Kai ɗan nan, ka fi su wayo ne?"

"Gwaggo, su ba su da inji."

Ya kawo galan na maganin ƙwari, ya ɗura a ramin har ya ƙare. Washegari ya kwaɓa siminti ya toshe bakin, ya shafe shi sumul, har ya danna tafin hannunsa a kai don a san aikin waye.

To, jifa bai tsaya a wannan yammacin ba. Kullum rana na taɓa ƙasa zai fara, ba ya dainawa sai duhu ya gama rufe gari. Maƙwabta suka daina aiko yara. Abinci ya daina daɗi a gidan, don kowa na ci ne kunnensa na kan rufi. Mai Inji ya ce hassada ce, masu baƙin cikin injinsa ne, ya kuma hana a faɗa wa kowa, kamar kwano yana da sirri.

Sai murya ta biyo baya. Wata magariba, jifa ya yanke tun bai kai lokacinsa ba, shirun ya fi jifan nauyi. Daga cikin ɗakin ajiya, wanda ke kulle da kwaɗo, aka ji muryar tsohuwa, siririya, ba ta fushi, irin ta uwar da ke tashin 'ya'yanta aiki.

"Ku taso, rana ta faɗi. Ku taso."

Ta yi shiru kamar mai jiran amsa. Hayaƙi ya tsaya cak a tsakar gida. Akuyar da ke ɗaure ta daina tuƙa.

"Ku taso mana, 'yan albarka."

Ba abin da ya motsa. Aka daɗe. Sannan muryar ta sake fitowa, amma yanzu ta bushe, kamar an goga kara da kara.

"Ba kowa ke nan?"

Farantin da ke cinyar Auta ya zame ya faɗi. Yarinyar ta sauko daga kujera a hankali, ta dafa hannuwa biyu a ƙasa, ta durƙusa. Uwarta ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta rarrafa zuwa ɗakin ajiya, kwaɗon ya buɗe da kansa tun kafin ta isa. Ta sa haƙori ta huda buhu, ta ɗauki ƙwaya ɗaya tak tsakanin leɓɓanta. Ta fito ta bi gindin bango, ba ta ratsa tsakar gida ba, ta fice ta ƙofar baya, ta bi 'yar hanyar da ta nufi masussuka. A kan simintin nan ta ajiye ƙwayar, a tsakiyar tafin hannun ubanta. Sannan ta juyo ta koma ɗauko wata.

Haka ta yi ta yi har duhu ya rufe. Da ta farka ba ta san komai ba, sai kuka take, tana tambayar me ya sami gwiwoyinta.

Aka kulle ta a ɗaki, ta riƙa buga goshi a ƙofa har jini ya fito. Aka ɗaure ta da zane, ta ja har wuyan hannunta ya saɓule. Da aka ga ɗaurin ya fi sakin illa, sai aka koma sakinta, uwarta na bin ta a baya tana kuka, tana kawar mata da ƙaya daga hanya. Aka kai ta asibiti, aka duba jini, aka duba kai, ba a ga komai ba. Abinci kuwa ta daina ci, don duk abin da aka sa mata a baki ba ta haɗiyewa, riƙe shi take a leɓe kamar kayan da aka ba ta ajiya. Yarinyar da dariyarta ke cika gida ta koma ƙashi da ido. Wuyanta ya yi siriri, gwiwoyinta suka zama ɗanyen nama.

Ran nan uwar ta tsaya a kan mijinta yana goge injinsa.

"Baban Auta, ko ka ɗauko Malam yau, ko in fita bakin hanya in kwance ɗankwali in tara maka gari."

"Ki yi haƙuri mana, in aka ji a waje..."

"An ji! Har jariran garin nan sun ji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba. 'Yarka na rarrafe a titi kamar dabba, kana nan kana shafa wa ƙarfe mai."

Ya ajiye tsumman, ya tafi.

Malamin da ya ɗauko daga ƙauyen gaba gajeren tsoho ne mai tari, ba ya gaggawar komai. Ya iso rana na shirin faɗuwa. Mai Inji ya shimfiɗa masa tabarma, ya fara, "Allah gafarta Malam, gidan nan dai gidan asali ne, kakana Mai Hula..."

"Ina take kai hatsin?" in ji Malam.

Aka faɗa masa. Ya ce kada a taɓa ta, kada a tsayar da ita. Da lokaci ya yi, muryar ta kira daga ɗakin ajiya, Auta ta durƙusa, ta ɗauki ƙwayarta ta fita. Malam ya bi ta a baya da carbinsa, sai uwa, sai uba, sai Gwaggo tana dogara sanda. Mutanen gari suka fito suka tsaya nesa-nesa a gefen masussuka, maza a gaba, mata a baya, ba mai ko tari sai Malam. Ni ma ina wurin, a sahun gaba, duk da akwai masu cewa bayan wata mata na laɓe. Hassada ce.

Malam ya dubi simintin, ya dubi tulin ƙwayoyin da ke kai, ya dubi Mai Inji.

"Me ke ƙarƙashin nan?"

"Tururuwa ce kawai, Malam."

"Kawai," in ji Malam. Ya zauna a kan simintin, ya tare hanya, ya fara karatu.

Auta ta iso ta tsaya. Ta karkata hagu, ta karkata dama, kamar yadda tururuwa ke yi in an gitta mata kara. Karatu ya ci gaba, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Hasken da ya rage a sama ya yi ta raguwa. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, daga yatsun ƙafa har wuya. Can sai rawar ta tsaya. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, bayanta ya ranƙwafa, ta tofa ƙwayar a tafin hannunta ta dunƙule.

"Tashi mini daga bakin ƙofa," ta ce. Muryar ɗakin ajiya ce.

"Wace ce ke?"

"Tambayi jikan ɓarawo. Ai shi ne mai tarihi."

Wani gunaguni ya ratsa taron. Mai Inji ya taɓa hularsa.

"Ke nake tambaya," in ji Malam. "Me kike nema a jikin baiwar Allah?"

Kan yarinyar ya juya a hankali, ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Tun da kun taru, ku ji. Ina nan kafin a sari itace ɗaya a dajin nan. Rumbuna yana ƙarƙashin inda malamin nan ya zauna. Tururuwan da ke ciki masu yi mini dako ne, su tara, mu ci tare, ni da su da ƙananana. Shekarar yunwa wani mutum ya iso nan yana jan ƙafa. Mai Hula!" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Kansa a buɗe ya zo, rana ta ƙone masa ƙeya. Hular tun a hanya ya ba da ita aka ba shi abin da zai sa a baki. Ya ga layin tururuwa, ya bi su, ya sa hannu ya tona. Ya tona har ya kai cikin rumbuna. Da ya ɗebi na ci ya bar saura, da ban ce komai ba, yunwa ba ta da kunya. Kwashewa ya yi kaf, har da ƙasar da ke ƙasa ya tankaɗe. Ya ci, ya shuka, ya yi gari. Ƙananana kuwa ba su ga damina ba."

Wani tsuntsu ya yi kuka sau ɗaya daga cikin kara, ya yi shiru.

"Na je bukkarsa zan ɗauki ɗansa, uban wannan. Ya faɗi ƙasa ya kama roƙo. Ya ce duk abin da ya faɗi ƙasa a wurin sussuka nawa ne, shi da zuriyarsa ba za su sa tsintsiya ba. Na karɓa, ba don ya isa ba. Da hatsi ya nuna ya je kasuwa ya sayi hula, ya dawo yana ba mutane labari."

"Ƙarya ne!" in ji Mai Inji, amma muryarsa ba ta kai inda ya aike ta ba.

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. "Rufe mana baki, ɗan nan. Mai Hula da bakinsa ya faɗi haka a ciwon ajalinsa, ina riƙe da kansa. Cewa muka yi zafin ciwo ne."

"Shekara da shekaru ina jin ƙaryar hula," in ji muryar, "ban ce uffan ba, tun da masu dakona na dawowa da kaya. Sai wannan ya share ƙasa. Na yi shiru. Sai ya ɗura musu guba har cikin ɗakunansu, ya liƙe ƙofa, ya sa hannu a kai. Na kira su, Malam. Kullum ina kiransu. To, wanda ya kashe mini 'yan dako, 'yarsa za ta yi dakon. Ƙwaya-ƙwaya, har abin da kakansa ya kwashe ya koma."

"Ba za ta kai ba. Kin ga yadda ta koma."

"Na gani."

"Yarinyar nan ba ta tona rami ba, ba ta zuba guba ba."

"Nawa 'ya'yan me suka tona?"

Malam ya sunkuyar da kai ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, tarinsa ya ɓace kamar bai taɓa yi ba. Jikin Auta ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, wata ƙara ta fito daga bakinta wadda ba ta mutum ba. Amma cikin ƙarar muryar ta ce, "Ƙona ni, malamin kirki! Ƙona ni, in tafi da numfashinta a hannuna!" Leɓɓan yarinyar suka fara yin fari. Uwar ta faɗi a gaban Malam ta riƙe ƙafarsa. Ya dakata.

Mai Inji ya matso. "A faɗa mata zan biya. Duk abin da ke ɗakin ajiya, a kawo amalanke yanzu a juye mata a nan."

"Ji shi," in ji muryar, tana haki. "Ƙofar rumbuna faɗin tururuwa ɗaya ce, ta ina buhunka zai shiga? Kuma wa ya ce maka sauri nake?"

Malam ya gyara zama. "To, saurara. Yanka ba za a yi miki ba, roƙonki ba za a yi ba, wannan na Allah ne Shi kaɗai. Amma zalunci an yi, ba mai musu. Za a fasa simintin nan. Za a daina share masussuka, abin da ya faɗi ƙasa na halittun Allah ne, ke da su ku ƙarata. In damina ta sauka wasu tururuwan za su zo, rami ba ya zama kango. Ke kuma ki fita daga jikin yarinyar nan yau, ba gobe ba."

"Kafin su zo fa? Wa zai yi mini dako?"

Duhu ya riga ya cinye fuskokin na baya. Uwar Auta ta ɗago kai daga ƙasa, ta kalli mijinta.

"Wanda ya iya ɗaukar galan," in ji Gwaggo, "ai zai iya ɗaukar ƙwaya."

Mai Inji ya dubi jama'a, mutanen da ya shekara yana ba tarihi, masu layi a bakin injinsa suna ce masa ranka ya daɗe. Sannan ya dubi gwiwoyin 'yarsa, inda ƙasa ta manne da jini. Ya daɗe yana kallo.

"Ni zan ɗauka," ya ce.

Fuskar yarinyar ta yi wani murmushi da ba nata ba. "Da rarrafe. Da baki."

"A'a," in ji Malam. "Ɗan Adam ne, da ƙafarsa zai taka, a hannu zai riƙe."

"To, ƙwaya ɗaya a kowace tafiya, daga faɗuwar rana har duhu ya rufe. Kuma kansa a buɗe, yadda kakansa ya zo. Duk wanda ya tare shi ya tambayi dalili, ya tsaya ya faɗa masa tarihin garin nan. Na gaskiyar."

"Har yaushe?"

"Dakon, har su dawo. Tarihin, har ya mutu."

Malam ya dubi Mai Inji. Mai Inji ya sa hannu ya cire hularsa, ya miƙa wa matarsa. Iskar magariba ta taɓa sanƙon da ba wanda ya taɓa gani a garin sai wanzaminsa.

"Ki ba mu alamar fitarki," in ji Malam.

"Tashi daga ƙofata, ka gani."

Ya tashi. Yarinyar ta miƙa hannu ta ajiye ƙwayar da ke dunƙule a kan simintin. Ƙafarta ta hagu ta yi rawa, rawar ta gangara har babban yatsa, ta tsaya. Sai aka ji ƙas, simintin ya tsage gida biyu, tsagar ta ratsa tsakiyar tafin hannun nan. Ƙwayar ta gangara cikin tsagar ta ɓace. Auta ta kife a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, muryarta ce ta fito, ƙarama, a gajiye.

"Inna, yunwa nake ji." Ta ɗaga kai ta ga ubanta. "Baba, ina hularka?"

Tun daga washegari, rana na taɓa ƙasa, sai ka ga Mai Inji ya fito ta ƙofar baya, kai a buɗe, ya dunƙule hannu ɗaya a ƙirji. Ya je ya saka ƙwaya a rami, ya dawo, ya ɗauki wata. Yaran gari suka mai da shi abin yi. Su jeru a bakin hanya, ɗaya ya tare shi ya ce, "Baba Mai Inji, lafiya kake yawo ba hula?" Sai ya tsaya, ya ce, "Kakana ya zo garin nan kansa a buɗe, ya tona ramin tururuwa." In ya gama ya yi taku kaɗan, sai na biyu ya tare shi. Ni kaina ban taɓa bari rana ta wuce ban tambaye shi ba, saboda ni mutum ne mai son ilimi, ga shi kuma ina da mantuwa. Yanzu wai ba ya amsa gaisuwata. Ka ji sakayyar mai neman sani.

Auta ta warke, ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo, sai dai tabon gwiwa da bai tafi ba. Gwaggo ta ce hular Mai Hula ta daina girma.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, wata magariba aka ga layin tururuwa kamar baƙin zare ya fito daga ramin. Gari ya fito kallo. Layin ya ratsa masussuka, ya hau 'yar hanya, ya wuce rumbun wannan, ya wuce rumbun wancan, bai ko karkata ba. Ya bi gindin bangon Mai Inji, ya shiga ta ƙofar baya, ya wuce kai tsaye ɗakin ajiya. Dako ya ƙare, hula ta koma kai. Amma har yau duk garin ba ɗakin da tururuwa ke shiga sai nasa, kuma in zai ratsa tsakar gidansa da yamma sai ya tattare riga ya ɗaga ƙafa, kamar mai tsallake wuta.

Da kaka ta zagayo, wani sabon mai sayen hatsi ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ga layin yana fita da ƙwayoyi a gabansa, ya ce, "Maigida, ka bar ƙwari suna kwashe maka dukiya? Ai akwai magani."

Mai Inji ya duba hagu, ya duba dama. Gwaggo na barci, uwar Auta na madafa, baƙo kuwa daga nesa yake, bai san kowa ba. Ya miƙe ƙafa, ya karkata hula.

"Ai mu gidan nan kyauta gadonmu ce. Kakana Mai Hula, da ya taso da irin shuka cike da..."

Tak.

Guda ɗaya ce, a kan kwano, daidai saitin kansa. A bayansa Auta ta daina tsintar hatsi.

Mai Inji ya tanƙwashe ƙafarsa. Ya cire hular, ya ajiye ta a kan tabarma, ya fara daga farko.